Ƙawance da cin amana a wasan Diplomacy: ina dabara ta tsaya, ina maguɗi ya fara?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai wata damuwa da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina roƙon waɗanda suka daɗe suna buga Diplomacy ta intanet, wato wasan nan da mutum bakwai suke riƙe ƙasashen Turai bakwai suna takarar mamaye taswira, su taimaka su warware mini ita, domin ni watanni bakwai kacal na yi da farawa, wannan kuma shi ne wasa na huɗu da na kai ƙarshensa.

Ostiriya ce ta faɗo hannuna. Tun kafin umarnin farko na bazarar 1901 (shekarar farko a lissafin wasan, inda kowace shekara take da zagayen bazara da na kaka) muka ƙulla ƙawance da mai riƙe da Italiya, bisa sharaɗin cewa ba zai girke runduna a garinsa na Benis ba, ni ma ba zan girke a garina na Tiriyest ba, kuma babu wanda zai taka yankin Tirol da ke maƙwabtaka da su a cikinmu. Wa'adin kowane zagaye awa 48 ne, saboda haka mun shafe fiye da wata guda muna musayar saƙo kusan kullum, har muka ga bayan Turkiyya tare da taimakon Rasha. A ƙarshen 1905 ina da cibiyoyi 7 (wuraren da yawansu yake ƙayyade yawan rundunonin kowace ƙasa), Faransa 7, Italiya 5, Jamus 3, Ingila 2, Rasha kuwa ta kai 10. A lokacin ne abokina ya gina sabon jirgin ruwa a Benis, ya ce mini zai fitar da shi ta tekun Adiriyatik zuwa yamma, ni kuma na amince. Da kakar 1906 ta zo, sai ga rundunarsa ta faɗa Tiriyest da goyon bayan wannan jirgin, wasu jiragensa biyu kuma suka ƙwace Girka. Abin da ya rubuto mini bayan haka bai wuce layi ɗaya ba: in yi haƙuri, wasa ne.

Na gaya masa a fili cewa idan bai janye ba zan buɗe wa Rasha ƙofa. Bai yarda zan aikata ba. Faransa ta roƙe ni in haɗa kai da su a tare Rasha, amma ba ta ce uffan ba game da mayar mini da abin da aka ƙwace. Sai na cika maganata: na bar wa Rasha Kustantiniyya da Bulgariya, na mara mata baya ta shiga Simirna, kuma a kakar 1910 ta cika cibiyoyi 18 ta ci wasan.

Bayan an tashi, mai Faransa da mai Jamus suka ce na lalata wasa, har mai Faransa ya ce ya kai ƙarata wurin masu kula da dandalin. Cikin fushi na duba tarihin wasanninsa, sai na tarar shi da mai Italiya sun haɗu a wasanni tara, kuma ban ga inda suka taɓa yaƙar juna ba ko sau ɗaya. Na rubuta wannan a zauren hira na kowa da kowa, aka yi ta cacar baki.

Abin da nake son sani shi ne: abin da Italiya ta yi mini halas ne a ƙa'idar wasa? Ramuwar da na yi maguɗi ce? Sannan mutum biyu da kullum suke tare a kowane wasa, me ake kiran wannan?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na san zafin da kake ji, domin wanda ka shafe makonni kana tsara dabara da shi ya wuce baƙo a wurinka, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Amma amsar tambayarka ta farko ba ta da ja: abin da Italiya ta yi yana cikin ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Littafin dokokin wasan ya faɗa ƙarara cewa ɗan wasa yana da ikon faɗin duk abin da ya ga dama a lokacin tattaunawa, kuma babu wata magana ko yarjejeniya da ta ɗaure shi. Abin da kawai yake aiki shi ne umarnin da ya bai wa rundunoninsa.

Ba sakaci ne ya sa aka tsara shi haka ba. Allan Calhamer, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wasan, wanda ya buga kwafi 500 na farko da kuɗinsa a 1959, ya cire sa'a daga cikinsa gaba ɗaya. Ba a jefa ƙwayar sa'a kamar yadda ake yi a wasan Risk, kowace runduna ƙarfinta ɗaya da na 'yar'uwarta, kuma ana buɗe umarnin kowa a lokaci guda. Runduna ba ta iya ture wata sai da goyon bayan ta biyu, alhali kowace ƙasa da uku take farawa, in ban da Rasha mai huɗu. Wanda ya fara da uku kuma yake neman 18 daga cikin cibiyoyi 34 ba shi da makawa sai ya nemi aboki; amma kujerar nasara ɗaya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu. Ke nan dokar da ta tilasta maka ƙulla ƙawance ita ce kuma ta tanadi ranar warware shi. Duk wanda ya zauna a gaban wannan taswira ya riga ya amince da hakan, kamar yadda mai buga dara ya amince za a ci masa 'ya'ya.

Bari in nuna maka inda aka yi maka ishara ba ka gani ba. Benis da Tiriyest su kaɗai ne cibiyoyin gida na ƙasashe biyu da suke maƙwabtaka kai tsaye tun daga farkon wasa, shi ya sa amanar da ke tsakanin Ostiriya da Italiya ta fi kowace saurin karyewa. Mai Italiya da yake nufin yamma da gaske a Nafoli yake gina jirginsa, domin daga can taku ɗaya ne zuwa tekun Tireniya. Jirgin da aka gina a Benis aka tura Adiriyatik ba shi da wani aiki da ya wuce kallon Tiriyest. Kuma a kaka ake irin wannan hari, saboda sai bayan zagayen kaka ake ƙirga cibiyoyi, wanda aka ƙwace wa ba shi da sauran zarafin ƙwatowa kafin a rage masa runduna. Da a bazarar 1906 ka mayar da runduna ɗaya gida, ka gaya masa cikin ladabi cewa don kwanciyar hankalinku duka ka yi, da mai yiwuwa har yau kuna tare. Amana a wannan wasa ana tsare ta ne da rundunar da ke kan iyaka.

Duk da haka, halascin abu dabam, hikimarsa dabam. A ganina mai Italiya ya tafka kuskure babba. Masana wasan sun daɗe da gane cewa taswirar tana rabuwa gida biyu, 17 da 17: kudu maso gabas akwai cibiyoyin Ostiriya da Italiya da Turkiyya, da na Balkan guda huɗu, da Tunis, da Mosko da Waso da Sebastofol, sauran kuma suna arewa maso yamma. Mai neman 18 dole ya tsallaka wannan layi, kuma a nan ne ake tare shi. To Rasha mai cibiyoyi 10 a wancan lokaci, ina kyautata zaton ta riga ta kafa ƙafa a Iskandinabiya, wato tana da rabo a ɓangarorin biyu. Kai ne katangar da ta hana ta malalowa Balkan. Shi kuma ya sari katangar saboda cibiyoyi biyu, bai kashe ka ba, bai bar ka da dalilin yafe masa ba. Dara ta ci gida ke nan.

Game da ramuwarka, ni ban ɗauke ta maguɗi ba. Ƙaramar ƙasa ba ta da makamin da ya wuce ta ce: in ka taɓa ni, zan miƙa kaina ga wanda ka fi tsoro. Idan kowa ya san ba a taɓa cika wannan barazana, to ta tashi daga aiki, manya kuma za su riƙa cinye ƙanana ba tare da fargaba ba. Ka yi gargaɗi tun da wuri, ka ba shi hanyar gyara, ya ƙi. Fushin mai Faransa a kanka ya tuna mini da zomo, wanda ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ɗan Tsakiya ya amsa:

Ranka ya daɗe Tsohon Hannu, na yarda da duk bayaninka a kan Italiya, amma ina neman afuwa in saɓa maka a kan ramuwar. Ban ce ɗan'uwanmu ya karya doka ba, kuma ba na zaton masu kula da dandali za su hukunta shi, tunda da umarninsa ya yi abin da ya yi a kan taswira, a idon kowa. Sai dai akwai mutum biyu da ba a ambaci haƙƙinsu ba, wato mai Ingila da mai Jamus. Dokar asali ta ce idan aka tashi kunnen doki, duk wanda yake da sauran runduna a kan taswira yana da rabo daidai da na kowa. Waɗannan bayin Allah sun yi makonni suna fafutukar riƙe cibiyoyi biyu da uku don su kai wannan matsayi, ba su ci amanar kowa a Balkan ba, amma hukuncin da aka yanke wa Italiya ya haɗa da su. Wannan ita ce a fasa kowa ya rasa.

Ina ganin akwai bambanci tsakanin barazana da ake yi don a ceci kai, da ramuwar da ake ci gaba da ita bayan ta daina amfanar mai yin ta. Malam Sabon Shiga, a 1907 barazanarka dabara ce. Da ka bar wa Rasha cibiya ɗaya ta kai 11 ko 12, sannan ka sake komawa wurin Faransa da Italiya ka ce ga shi kun gani, ku mayar mini da Tiriyest in tsaya tare da ku, da ka yi amfani da makamin yadda ya dace, kuma da wuya su ƙi, domin a lokacin tsoro ya riga ya kama su. Amma daga ranar da ka daina neman komai don kanka, ka koma neman faɗuwar mutum ɗaya kawai, to ka fita daga manufar da sauran 'yan wasa suka ɗauka kowa yana bi. Lissafin kowane ɗan wasa an gina shi ne a kan zaton cewa maƙwabcinsa yana son ya ci ko ya tsira. Wanda ya bar wannan manufa babu sauran abin da za a yi ciniki da shi.

Ya kamata kuma a riƙa duba tsarin maki kafin a shiga wasa, domin yawancin irin wannan rigima daga can take tasowa. Akwai tsarin da ake raba maki daidai tsakanin duk waɗanda suka tsira, wanda yake sa manya su riƙa share ƙanana don a rage masu rabo. Akwai kuma wanda ake ninka yawan cibiyoyin kowa da kansa sannan a raba bisa haka, wanda yake sa kowace cibiya ta zama abin kwaɗayi har zagaye na ƙarshe. Idan da na biyun kuka buga, to harin Italiya yana da dalili a lissafi ko da ba shi da kyau a dabara.

Abu ɗaya da zan yaba maka: ba ka gudu ba. Wanda aka ci amanarsa ya rufe kwamfuta ya daina bayar da umarni, rundunoninsa su tsaya cik maƙwabcinsa ya kwashe cibiyoyi a ɓagas, shi ne ya fi kowa cutar da wasa, kuma shi ya sa wasu dandamali suke ajiye ƙididdigar yawan zagayen da mutum ya tsallake.

Hajiyar Taswira ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Ni zan tsaya a kan tambaya ta uku, domin ita kaɗai ce a cikin ukun ta shafi maguɗi na haƙiƙa, kuma na taɓa yin aikin sa kai na duba irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a wata ƙaramar ƙungiyar 'yan wasa.

Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: duk abin da aka ƙulla a cikin wasan, kuma ana iya warware shi a cikin wasan, dabara ce, duk abin da aka shigo da shi daga waje, wanda sauran 'yan wasa ba su da hanyar taɓa shi da lallashi ko tayi ko barazana, maguɗi ne. Mutum ɗaya ya buɗe asusu biyu ya riƙe ƙasashe biyu, maguɗi ne. Abokai biyu su shiga da alkawarin ba za su taɓa yaƙar juna ba komai ya faru, maguɗi ne. A ce ka bar mini Beljiyam a wannan wasa ni kuma in bar maka wani abu a wancan wasan da muke bugawa tare, shi ma maguɗi ne. Manyan dandamali irin su webDiplomacy sun haramta waɗannan a rubuce. Dalilin kuwa shi ne, abin da ya sa ƙarya ta halatta a nan shi ne kowa yana cikin haɗarinta daidai wa daida. Mutum biyu da suka san ba za su taɓa cin amanar juna ba sun tsame kansu daga haɗarin da sauran biyar suke ciki, ba sa ɓata runduna ko ɗaya wajen gadin iyakarsu, kuma duk saƙon da ka aika wa ɗayansu kana neman raba su, ɓata lokacinka kake yi ba ka sani ba.

To amma, ɗan'uwa, wasanni tara ba hujja ba ce tukuna. A dandalin da mutane ba su da yawa, waɗanda suke son wa'adin awa 48 za su yi ta haɗuwa ko ba su shirya ba. Sannan zaman lafiya tsakanin Faransa da Italiya abu ne da aka saba gani, domin tsakaninsu sai mashigar Fiyedmon da teku, kuma kowannensu yana da abokan gaba mafi kusa. Abin da mai bincike yake dubawa shi ne waɗanne ƙasashe suka riƙe a sauran wasannin, ko sukan shiga wasa a tare cikin mintuna kaɗan, ko akwai lokacin da ɗaya ya ga nasara a fili ta hanyar cin ɗan'uwansa ya ƙi, ko rundunoninsu suna tafiya a tsare alhali babu saƙon da ya wuce tsakaninsu. Mafi yawan wannan kai ba za ka iya gani ba, masu kula da dandali ne suke da bayanan. Saboda haka kuskurenka shi ne fitar da zargin a zauren kowa. In suna da laifi ka ankarar da su, in ba su da shi ka ɓata sunan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuma dandamali da yawa suna ɗaukar irin wannan zargi na fili a matsayin laifi mai zaman kansa. Ka rubuta wa masu kula a asirce, ka jera lambobin wasannin, ka bar musu sauran.

Nan gaba ka riƙa zaɓar wasannin da ake ɓoye sunayen 'yan wasa har sai an tashi. Yana rage haɗin baki, yana kuma hana wanda ka yi wa laifi a watan jiya ya biyo ka da gaba.

Akwai wani abu da na hango a ƙarƙashin tambayarka, ko da ba ka furta shi ba: shin dole ne mutum ya zama maƙaryaci kafin ya iya wannan wasa? Ni ban ga haka ba. Andrew Goff, ɗan Ostireliya da ya ci gasar duniya har sau uku, an san shi da ƙaurace wa ƙarya a wasansa, saboda wanda maganarsa take tabbata shi ake nema idan lamari ya yi tsanani. A 2022 kamfanin Meta ya fito da wata manhaja mai suna Cicero, wadda ta buga wasanni 40 da mutane a webDiplomacy ta kuma shiga cikin kashi 10 bisa ɗari na sama a tsakanin waɗanda suka buga fiye da wasa ɗaya. Masu ita sun ce sun horar da ita ta riƙa faɗin abin da take shirin yi, ko da yake daga baya wasu masu bincike sun nuna wuraren da ta yaudari abokan wasanta. Ni kaina abin da nake yi shi ne in sa wa kowace yarjejeniya wa'adi, in ce muna tare har ƙarshen 1904 sannan mu sake zama, kuma in ƙi yin alkawarin da na san ba zan cika ba. Wanda kuma ba ya son tattaunawar sam, akwai nau'in da ake bugawa ba tare da saƙo ba, wanda ake kira Gunboat, inda motsin runduna kaɗai yake magana.

Tsohon Hannu ya ƙara da cewa:

Malam Ɗan Tsakiya, maganarka a kan Ingila da Jamus ta shige ni, kuma na karɓi cewa komawa teburin ciniki bayan cibiya ta farko ya fi. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, nauyin tsare haƙƙin waɗannan biyun ba a kan Ostiriya kaɗai yake ba. Mai Faransa yana da cibiyoyi 7 da jiragen da za su iya matsa wa Italiya lamba ta saki Tiriyest, kuma shekara huɗu ta wasa yana kallo bai yi ba. Wanda yake son a taru a tare babba, shi ne ya kamata ya fara biyan kuɗin haɗin kan.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na goge zargin da na rubuta a zaure, na aika wa masu kula da lambobin wasannin tara a asirce, kuma da na sake dubawa a natse na ga cewa a uku daga ciki ƙasashen da suka riƙe ba su ma haɗa iyaka ba. Na kuma rubuta wa mai Ingila da mai Jamus na ba su haƙuri. Mai Ingila ya amsa, mai Jamus bai amsa ba. Malam Ɗan Tsakiya, gaskiya ne cewa bayan 1907 ban sake tambayar kowa komai ba, kuma saƙonni biyu da Faransa ta aiko a 1908 ko buɗe su ban yi ba sai bayan an tashi. A na biyun ta yi tayin mara mini baya in koma Tiriyest.

Jiya na shiga sabon wasa mai ɓoyayyun sunaye, Italiya kuma ta faɗo mini. Mai Ostiriya ya riga ya aiko da tayin a bar Benis da Tiriyest da Tirol babu runduna. Ina da niyyar in amince har ƙarshen 1903 kawai, in kuma gaya masa haka a fili. Baba Tsohon Hannu, idan shi ya nemi alkawari marar wa'adi ya ce in ba haka ba zai haɗa kai da Turkiyya, me kake ganin ya dace in amsa masa? Wa'adin umarnin farko zai cika gobe da daddare.